Tambihi Ga Gwamnonin Bakin Iyaka A Kan Siyasar Maƙwabta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya wa maƙwabci haƙƙi, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, mas'alar da muke so mu duba yau ita ce: shin ya dace mai mulkin jiha ko lardi ya sa hannu cikin siyasar ƙasar da ke maƙwabtaka da shi, ya nuna wa mutanenta wanda za su zaɓa? Amsarmu ita ce bai dace ba, ko da kuwa niyyarsa kyakkyawa ce. Ga hujjojinmu.

Ran 31 ga Janairu 2019, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kano neman ƙuri'a karo na biyu, aka ga Gwamnan Maraɗi da Gwamnan Damagaram na Jamhuriyar Nijar a filin taron, cikin tufafin jam'iyyar APC. Nan da nan jam'iyyar PDP ta ɗaga murya, ta ce baƙi sun shigo cikin sha'anin zaɓen Nijeriya. Masu kare su kuwa suka ce ai zumunci ne ya kawo su.

To, maganar zumunci ba mai musunta. Iyakar nan Ingila da Faransa ne suka shata ta bisa takarda, tun daga yarjejeniyarsu ta 1890 har zuwa ta 1906, ba su tambayi Bakatsine ko Bagobiri ko Bakabe ba. Sarautar Katsina ta dā tana Maraɗi, ta Gobir tana Tsibiri, mutanen Arewa da Dandi kuwa rabi nan rabi can. Jihohinmu bakwai ne ke jingine da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Almajiransu na karatu a zaurukanmu, ragunansu na cika kasuwanninmu gab da Layya, hatsinmu na ƙetarawa ta Kamba zuwa Gaya. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne. Amma fa ƙafar da ta je suna da ta'aziyya da gaida marar lafiya, ba ita ce ƙafar da ta hau dandamalin jam'iyya ba. Ta farkon tana zuwa ne don mutanen gari duka, ta biyun kuwa ta zo ne don rabinsu, ta ɓata wa rabin rai. Wanda ya kawo wa maƙwabcinsa gudummawa ran gobara ya yi alheri. Wanda ya shiga gidan ya ce shi zai naɗa musu magaji, ya wuce iyakarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tarihinmu ma ya riga ya karantar da mu wannan darasi. A cikin Nuwamba 1959 mutanen Arewacin Kamaru, ƙasar da Ingila ke riƙo amana a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka jefa ƙuri'a, suka ƙi amincewa da zama cikin Jihar Arewa nan take, suka ce a dakata. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Allah Ya jiƙansa, ya tashi tsaye, aka gyara sha'anin En'e a can, aka yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. Da aka sake ƙuri'a cikin Fabrairu 1961, kimanin kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Nijeriya, ran 1 ga Yuni ƙasar ta shigo, daga baya aka kira ta Lardin Sardauna. Wannan nasara ce da aka samu a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka Shugaba Ahmadu Ahijo, Bafillacen Garwa, Musulmi ɗan'uwanmu, ya mai da ranar nan ranar makoki a ƙasarsa, ya kai Ingila ƙara Kotun Duniya, har kotun ta ƙi yanke hukunci cikin Disamba 1963. In abin da aka yi bisa ƙa'ida ya bar irin wannan tabo a zuciyar maƙwabci, ina ga wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba?

Saboda haka ne masu tsara mulki suka ɗauke wannan al'amari daga hannun jiha. Tsarin mulkin 1999 ya sanya harkokin ƙasashen waje cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Shugabannin Afirka da suka taru a Adis Ababa cikin Mayu 1963 su ma sun ɗaura alkawari cewa wata ƙasa ba za ta tsoma baki cikin sha'anin cikin gidan wata ba. Cika alkawari kuwa wajibi ne a Shari'a kafin ya zama wajibi a takardar Turawa. Hikimar a fili take: gwamna zai yi magana da bakinsa, amma ƙasa duka ce za ta biya. Kuma mulki juyi-juyi ne. Wanda ka taya a kayar yau, gobe shi ne mai riƙe da mabuɗin iyaka, kuma ba zai manta ba.

Wa ke biyan wannan bashi in ya taso? Mun gani da idonmu. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Shugaba Muhammad Bazum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin kwana 7, ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke tafiya daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Motocin fatake suka yi jerin gwano a Kamba da Illela da Jibiya, albasa ta ruɓe, jari ya karye, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mu nan ƙasar Zuru abin ya zo mana ta wata ƙofa kuma, domin kowa ya san yawan 'ya'yanmu cikin aikin soja. Da an yi yaƙin nan, da gidajenmu na cikin na farko da za a shimfiɗa tabarmar makoki.

Sai ku lura da waɗanda aka buɗe wa ƙofa a lokacin nan. Ayarin malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau ya sadu da Janar Abdurrahman Ciyani cikin Agusta, haka kuma Janar Abdussalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Sa'adu Abubakar. An saurare su ne domin ba a san su da tutar wata jam'iyyar Nijar ba. Mai sulhu jarinsa shi ne yardar ɓangarorin biyu, in ya ɓatar da ita ran zaɓe, ba zai same ta ran fitina ba. Ko da yake Nijar ta fice daga ECOWAS cikin Janairu 2025, ƙasa ba ta ƙaura, maƙwabtaka tana nan daram.

Don haka kiranmu ga gwamnoninmu da na Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa shi ne: ku riƙa haɗuwa a kan ɓarayin shanu da 'yan fashin daji, da burtali da mashaya, da riga-kafin cututtuka, da rage wa fatake wahalar shingaye. Wannan gona ce mai faɗi, ba ku noma rabinta ba. Amma in aka buga gangar zaɓe a gidan maƙwabci, kowa ya zauna gidansa. Malamai kuma su tsare mumbarinsu, attajirai su tsare dukiyarsu daga wannan tafarki.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya kare mu daga fitina. Wassalamu.