Rijiya Ba Guga

Jama'a, a dubi Baro ta bakin Kwara. Da Turawa suka yi mata matsayar jiragen ruwa, sai da suka ja mata dogo har Kano a 1911. A 2019 aka buɗe sabuwar tasha a can da shagali, amma hanya ta lalace, yashi ya cika kogi, shekaru suka shuɗe jirage ba su zo ba. To, ina amfaninta ga falken Kambaza mai albasa, wanda kuɗin mota ke cinye ribarsa? Wajibi ne hukuma ta yi dogon shiri: hanya tukuna, sa'an nan yasar kogi, kana tasha. Wanda ya haƙa rijiya bai tanadi guga ba, da ƙishi zai kwana. Haza wasalam.