JAM'IYYAR LIBERAL TA FILIFIN: RANAR MULKI DA RANAR WUYA

Jama'a, a wannan mako za mu ƙetare teku mu leƙa tsibiran Filifin, kudu maso gabas da ƙasar Sin, mu duba tarihin Jam'iyyar Liberal. Mutanenta sun sha ɗauri, sun sha harsashi, mun kuwa jinjina musu. Amma ba za mu ɓoye muku abin da ta yi wa talaka ran da sanda ke hannunta ba.

Manuel Roxas ne ya kafa ta ran 19 ga Janairu 1946, bayan ya ɓalle daga Jam'iyyar Nacionalista. Ya ci zaɓe a watan Afrilu, ran 4 ga Yuli kuwa Amurka ta sauke tutarta. To, amma Amurka ta kafa sharaɗi, watau a ba Amurkawa hakki daidai da 'yan ƙasa wajen cin ma'adinai da gandun daji. Wannan ba ya yiwuwa sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuwa sai kashi uku cikin huɗu na Majalisa sun yarda. Akwai wakilai 6 da manoman tsakiyar Luzon suka zaɓa, cikinsu har da Luis Taruc, kowa ya san ba za su yarda ba. Sai aka ce wai da tsoratarwa suka ci zaɓe, aka hana su kujerunsu, gyara ya wuce.

Ku dubi ko su wane ne waɗannan manoma. Mutum ya yi noma shekara guda a gonar wani, a raba amfani biyu mai gona ya kwashe rabi, sauran rabin kuma bashi ya cinye. Ya jefa ƙuri'a, aka yar da ita. Ina zai kai kuka? Da yawa suka ɗauki bindiga suka shiga daji, tawayen Huk ke nan. Roxas ya rasu a 1948, Elpidio Quirino ya gaje shi, zaɓen da ya ci a 1949 kuwa har yau sunansa ya ɓaci saboda maguɗi da duka.

Diosdado Macapagal, wanda ya hau mulki a 1961, shi kam ɗan talaka ne daga garin Lubao. A 1963 ya sa hannu a dokar soke noman raba-daidai. Masu manyan gonaki da suka cika Majalisa suka yi wa dokar kaca-kaca, kuɗin aiki da ita ma ba su ba da isasshe ba.

Shi Ferdinand Marcos ma, a wannan gida ya girma. Da ya ga ba za a tsai da shi takara ba, ya koma Nacionalista a 1964, ya ka da Macapagal a 1965. Daga nan reshe ya juye da mujiya. Ran 21 ga Agusta 1971 suna lacca a dandalin Plaza Miranda cikin Manila aka jefa musu gurneti biyu, mutum 9 suka mutu, Jovito Salonga ya rasa ganin ido ɗaya. A 1972 Marcos ya kafa dokar soja, ya kulle Benigno Aquino fiye da shekara 7. Da Aquino ya komo daga Amurka ran 21 ga Agusta 1983, aka harbe shi a filin jirgin sama tun bai taka cikin gari ba. Waɗanda suka hana wakilan manoma zama a 1946, ga shi an rufe musu Majalisar ɗungum.

A cikinsu duka, Salonga muka fi girmamawa. Shi ne shugaban Majalisar Dattawa a 1991, ran da mutum 12 suka rinjayi 11 aka ƙi sabunta yarjejeniyar sansanonin sojan Amurka.

Ɗan Aquino ya yi mulki daga 2010 zuwa 2016, jam'iyya ta cika ta batse, kowane mai neman abinci ya sa riga rawaya. Mar Roxas, jikan wanda ya kafa ta, na faɗuwa zaɓen 2016, sai galibin wakilanta suka kwashe tabarminsu suka bi Rodrigo Duterte. Leila de Lima ta tsaya, ta binciki kashe-kashen da a ke yi wa talakawa da sunan yaƙi da ƙwaya. Aka kulle ta a Fabrairu 2017, ba ta sami beli ba sai Nuwamba 2023, a 2024 kuma kotu ta wanke ta daga tuhuma ta ƙarshe.