Kafin ka yarda da taswira, tambayi wanda ya zana ta

Ɗaliban labarin ƙasa da yawa a nan N'Djamena suna ganin darasin tarihin fannin da falsafarsa da hanyoyin bincike ɓata lokaci ne. Su dai a nuna musu yadda ake zana taswira a kwamfuta, su karɓi takarda su tafi neman aiki. A matsayina na malamin makaranta, ni ban yarda da wannan ba.

Mu ɗauki Tafkin Chadi. Kowa ya haddace cewa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, daga faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. An auna ɗin, ba ƙarya ba ne. Amma me ya sa aka fara lissafi daga 1963, lokacin damina mai albarka, aka tsaya a shekarun fari na 1970 da 1980? Bafaranshen nan Jean Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka a yankin tsakanin 1906 da 1909, ya tarar da tafkin a tsuke tun wancan zamani. Ashe ruwan yana tafiya yana dawowa. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ba gwamnati shawara a kan rabin labari, masunta da manoman bakin tafki su ɗauki asarar.

Haka batun iyaka. A 1994 Kotun Duniya ta ba Chadi Zirin Aouzou a shari'arta da Libiya, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya. A 2002 ta ce Darak ta Kamaru ce. Tsofaffin takardu da taswirori ne suka yi magana, kuma sai wanda ya koyi tantance su zai iya kare ƙasarsa da su.

Na san ƙorafin ɗalibai yana da tushe idan darasin ya tsaya ga haddar sunayen Turawa. Ai fannin ba nasu ba ne su kaɗai. Al-Idrisi ya ambaci Kanem a littafinsa na 1154, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ba Clapperton taswira a Sakkwato a 1824. A sa waɗannan cikin manhaja.

Sannan a fitar da ɗalibi daga aji. Ambaliyar 2022 ta cinye gidaje a Walia, inda Chari da Logone suka cika suka tumbatsa. Ɗaliban Jami'ar N'Djamena su je can su auna, su zauna da dattawa su ji inda ruwa yake bi tun da can, su gwada da hoton tauraron ɗan'adam. Hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana cikin garin nan, me zai hana ta buɗe musu ƙofa?

Allah Ya ba mu masu binciken da za su tambaya kafin su sa hannu.