Tsoron faɗin gaskiya na kashe aikin furoje a Damargu

Jama'a, duk wanda ya san Damargu ya san damina ba ta da alkawari a nan, shi ya sa tun bayan farin 1984 furoje-furoje ke ta shigowa Tanut da Belbeji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin matashin ma'aikacin da aka tura ƙauye ya kula da haƙar ramuka masu siffar rabin wata da dashen itatuwa. Dashe ya bushe, ko awaki sun cinye, amma sai ya rubuta komai lafiya, don kwantaraginsa gajere ne, shugaba kuma a Damagaram ba ya son mugun labari. Wallahi wannan tsoron ya fi fari ɓarna, domin da an ji gaskiyar tun farkon Agusta, da an sake dasawa kafin ruwa ya ɗauke. Shugabanni, ku yaba wa wanda ya kawo labarin asara a gaban abokan aikinsa, ku bar shi ya yi bayani da Hausa ko Buzanci in Faransanci na ɗaure masa harshe, sannan ku tashi ku je filin tare da shi.