Zane Guda, Kiɗa Guda, Sule Guda

Masu cewa kiɗan Turawa na da a gidan adana zane-zane ƙawa ce kawai ta masu hannu da shuni, su waiwayi National Gallery ta Landan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kunno kai a 1939, an kwashe zane-zanen aka ɓoye a Wales, daga baya cikin ramin haƙar dutse. Bango ya zama fayau.

Sai Myra Hess, gwanar fiyano, ta fara shirya kiɗan tsakar rana, kuɗin shiga sule ɗaya. Ma'aikatan ofis da sojoji suka riƙa jan layi. Jiragen Jamus na ruwan bama-bamai, ana sauraron Bach, wanda shi ma Bajamushe ne. Ikon Allah! Har 1946 ana yi.

A 1942 aka fara dawo da zane ɗaya tak kowane wata, har da na Titian, dare na yi a mayar da shi ma'ajiya. A ganina, wanda ya saurari kiɗa ya natsu, sannan ya zuba wa zane guda ido, ya fi mai ratsa ɗakuna a guje yana ɗaukar hoto ƙaruwa nesa ba kusa ba.