A bai wa mutanen Gaya alƙalami su rubuta labarin gadarsu

Tun ƙarshen watan Yulin 2023 gadar da ta haɗa garin Gaya na jihar Dosso da Malanville na Jamhuriyar Benin ta daina aikin da aka gina ta dominsa. ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sannan ta janye shi a watan Fabrairun 2024. Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe, suna zargin maƙwabciyar tasu da bai wa sojojin Faransa wurin zama, zargin da Benin ta sha musantawa. Kayan da a da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka koma Lome, suna shigowa ta doguwar hanyar Burkina Faso. Talaka kuwa ya koma kwalekwale.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan dambarwa. Ministoci sun fitar da sanarwa, wakilan kafafen yaɗa labarai sun je sun ɗauki murya sun dawo, masana tattalin arziki sun yi lissafin asara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutun mutanen da abin ya faɗa wa a ka: ɗan dakon da ke jiran tirela ta tsaya kafin ya ci abinci, mai sayar da tuwo a bakin tashar duwan, ɗan kabu-kabu, ɗan canji mai juya naira da sefa, matar da iyayenta ke Malanville mijinta na Gaya, da mai kwalekwalen da dare ɗaya sana'arsa ta yi daraja. Kowannensu na da labari, kuma labarin da ya tsaya a baki ba ya wuce ƙarni guda ba tare da ya zube ba.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da malaman makarantu, ƙungiyoyin marubuta, gidajen rediyo da 'yan kasuwar Gaya za su shirya gasar rubutu ta gari, wadda za a bai wa kowa jigo guda ya yi rubutu a kai. Jigon ma ba sai an je nesa neman sa ba. Kalma ɗaya ta isa: gada.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa yake ta gasar rubutu? Tambaya ce mai ma'ana. Amma duk wanda ya san tarihin adabin Hausa ya san cewa gasa ba wasan yara ba ce. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewacin Najeriya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam a lokacin matashin malamin makaranta ne a Katsina, bai daɗe da haura shekara 20 ba. Bayan shekara shida shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ya sake shirya wata gasar, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, littafin da ya buɗe wa mata ƙofa. Sai kuma Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata zalla, wadda Amira Souley daga Maraɗi ta lashe a 2022 da labarinta Garar Biki. Wato marubutan Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage.

Akwai wani abin lura a tarihin Hikayata. Ba a ɗaure marubutanta da jigo guda ba, amma zamani ya riƙa ba su nasa. Labarin da ya zo na ɗaya a shekarar farko, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Na 2020, Rai da Cuta na Maryam Umar, a kan korona yake. Abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ke fitowa a takarda ko ba a ce a rubuta shi ba. A Gaya wannan abu sananne ne.

To me ya sa jigo guda, ba a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama ba? Amsar tana ga wanda bai taɓa rubutu ba. Idan aka ce wa ɗalibar lise ta rubuta labari, abin da zai fara zuwa mata shi ne irin wanda ta saba karantawa a waya: attajiri a Abuja, gida mai hawa uku, motar da ba ta taɓa shiga ba. Idan aka ce mata ta rubuta a kan gada, dole ta ɗaga kai ta dubi garinsu. Dole ta tambayi mahaifinta nawa ake biya a tsallaka da buhun masara, ta tambayi kakarta yadda ake ƙetare kogin a zamanin da. Jigo yana rage wa sabon marubuci tsoron farar takarda, yana kuma hana shi aron rayuwar wani. Ga alƙalai ma sauƙi ne, domin auna labarai ɗari da suka tashi daga wuri ɗaya ya fi adalci a kan auna labarin soyayya da na aljanu. Sannan a wannan zamani da ake kwafo labari daga intanet ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, jigon da ke buƙatar sanin warin bakin kogi da sunayen unguwanni yana saurin tona asirin mai satar fasaha.

Babbar ribar kuma ita ce abin da ke taruwa a ƙarshe. A 1936 wasu marubutan China, ƙarƙashin jagorancin Mao Dun, sun roƙi jama'ar ƙasar kowa ya rubuta abin da ya gani a rana guda, 21 ga Mayu. Rubuce-rubuce fiye da 3,000 suka iso, daga malamai, ɗalibai, sojoji, ma'aikata da 'yan kasuwa. Aka zaɓi ɗaruruwa aka buga littafi, kuma har yau masu nazarin tarihi na komawa gare shi domin sanin yadda talaka ya rayu gab da yaƙi da Japan. Ba kowane rubutu a ciki ne gwanin ban sha'awa ba. Haɗuwarsu ce ta ba su daraja. Labarai 200 a kan gadar Gaya, ko da rabinsu masu rauni ne, za su faɗa wa jikokin garin abin da babu wata sanarwar gwamnati da za ta faɗa musu.

Sai dai a nan ne ake yin tuntuɓe, kuma gara a faɗa tun kafin a fara. Wanda ya zaɓi jigo yakan so ya zaɓi amsa. An sha ganin gasannin da masu ɗaukar nauyi ke cewa a rubuta a kan zaman lafiya ko kishin ƙasa, a ƙarshe abin da ake samu shi ne tarin wa'azi da yabon wanda ya ba da kuɗi. Idan aka mayar da jigon Gaya ya zama "amfanin rufe iyaka" ko "illar rufe iyaka", an kashe gasar tun ba a haife ta ba. A bar kalmar ita kaɗai. Wanda yake ganin rufe gadar kare mutuncin ƙasa ne ya rubuta. Wanda jarinsa ya karye ya rubuta. Wanda yake son ya rubuta labarin saurayi da budurwa da kogi ya raba, ko tatsuniyar dorinar ruwa, shi ma ƙofa a buɗe take. Ya kamata mai ba da kuɗi ya san cewa kyauta yake bayarwa, ba ya cikin masu yanke hukunci.

Wannan batu ba ƙarami ba ne a Nijar ta yau. A watan Yunin 2024 hukumomi sun gyara dokar laifukan intanet, suka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna, zagi da yaɗa bayanan da ake ganin za su iya tayar da hankalin jama'a. Malamin makarantar da ke karɓar albashin gwamnati zai yi tunani sau biyu kafin ya sa sunansa a kan labarin da ya ambaci abin da ake karɓa a shingen bincike. Saboda haka wajibi ne masu shirya gasar su yarda da sunan aro, a miƙa wa alƙalai labarai da lamba maimakon suna, kuma kada a karanta rubutun kowa a rediyo sai da izininsa. Hukumomin jihar Dosso kuma, idan har da gaske ake yi wajen neman jin ta bakin 'yan ƙasa, to ga hanya mai arha. Ƙagaggen labari ba takardar tawaye ba ce.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kowacce sarƙaƙiya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Matsayi ne babba, amma har yanzu a takarda yake. Harshe ba ya zama na ƙasa da doka kaɗai, sai yara sun sami abin karantawa a cikinsa, kuma duk wanda ya taɓa neman littafin Hausa da aka rubuta aka buga a Nijar ya san wahalar da ake sha. Yawancin abin da ake karantawa daga Kano yake zuwa. Gasar gari hanya ce ta fara cike wannan giɓi daga ƙasa.

Amma Gaya ƙasar Dandi ce. Dandanci da Zabarmanci na da tushe a can kamar yadda Hausa ke da shi, ga kuma Fulatanci. Gasar da ta ce Hausa kawai za ta ƙara wa masu fargabar cewa sabon matsayin Hausa zai danne sauran harsuna hujja. A buɗe rukuni ga kowane harshe, da alƙalansa. A karɓi ajami kamar yadda za a karɓi boko, domin a garuruwa irin wannan akwai dattawa da almajirai da yawa da alƙalaminsu ke gudu daga dama zuwa hagu. Kuma tun da waɗanda suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai rabin manya ba, a ba da dama mutum ya faɗi labarinsa da baki ɗalibi ya rubuta masa, a sa sunayensu su biyu. Mai kwalekwale ba zai zauna ya cika shafi uku ba, amma ya fi kowa sanin kogin.

A ɓangaren Hausar ma akwai tarko. Hausar Gaya da ta Dogon Dutsi da ta Kabi ba irin ta Kano ba ce. Alƙalin da zai ɗauki jan biro ya riƙa soke kalmomin yamma yana maye gurbinsu da na Kano ya ɓata abin da aka taru dominsa. A gyara ƙa'idar rubutu, a raba kalmomi daidai, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, amma a bar mutane su yi magana da bakinsu.

Kada kuma a manta gada tana da baki biyu. Mutanen Malanville sun sha irin wahalar da Gaya ta sha, harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Haka mutanen Kamba a ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi, waɗanda su ma suka ga rufewar iyaka har zuwa Maris na 2024. Labari na iya tsallaka kogi ta WhatsApp ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Gasar da ta karɓi rubutu daga garuruwan nan uku za ta fi wadda ta tsaya a Gaya armashi, za kuma ta yi abin da jami'an diflomasiyya suka daɗe suna jan ƙafa a kai.

Kuɗin da ake buƙata ba su taka kara sun karya ba. Wa'adin wata biyu ya isa, da iyakar kalmomi kamar 1,000 domin kada sabon shiga ya karaya. Makarantu su zama wuraren karɓar rubutun hannu, lambar waya guda ta karɓi na masu turowa. Malaman Jami'ar Dosso da na sassan harsuna a Yamai da Sakkwato za su iya alƙalanci. Inda ya kamata kuɗin su tafi shi ne bayan an gama. Gasanni da dama sun mutu a ranar bikin ba da kyauta: a ɗauki hoto, a raba ambulan, labaran su ƙare a cikin kwali a ofishin wani. Abin da ya sa ake tuna gasar 1933 shi ne an buga littattafan an kai su aji. Don haka tun kafin a yi shela a ware kuɗin buga labarai 30 ko 40 mafi kyau, a yi yarjejeniya da gidan rediyo ya riƙa karanta ɗaya kowane mako, a kuma ajiye kwafin duk abin da aka turo, har wanda bai ci komai ba, a ɗakin karatu na gari da na jami'a.

'Yan kasuwar Gaya, waɗanda suka fi kowa sanin abin da rufe gadar ya ci musu, su ne suka fi cancanta su fara sa hannu a aljihu. Shugabannin makarantu kuma su sa ranar zaman farko kafin hutun ƙarshen shekara ya watsa ɗalibai.