Garayar Roba Ba Ta Kai Kuɗinta Ba A Kona

'Yan uwanmu da ke Amurka da Ingila kan tambayi mu da muka dawo gida irin tsarabar da ta dace da yara, kuma har yanzu akwai masu ambato Guitar Hero da Rock Band. To ni dai amsata ita ce a'a, ku riƙe kuɗinku.

Ga wanda bai san su ba, wasannin gem ne da ake bugawa da garayar roba mai maɓallai 5 masu launi, kana dannawa daidai da kiɗan da ke sauka a talabijin. Guitar Hero ya fito a 2005, Rock Band ya biyo baya a 2007 da ganga da makirufo, kwalinsa kusan dala 170. Daɗi kam akwai, ba gardama. Na ga dattawan Turawa suna zufa a kai kamar masu shan dambe.

Amma an ƙera abin ne don falo mai wuta ba yankewa da intanet mai arha. Kawo shi Kona, sai ka haɗa da kuɗin man janareta. Maɓalli ɗaya ya lalace, mai gyaran waya a kasuwar Jalingo zai juya shi ya miƙo maka kayanka. Sannan waƙoƙin duk na Turawa ne, yaron da ya tashi da gangunan Jukun da waƙoƙin fim ɗin Hausa me ya haɗa shi da su? Shiga gidajen gem na gari, ƙwallo yara ke layi a kai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ka saya amma ba naka ba. A 2018 kamfanin Activision ya rufe tashar intanet ta Guitar Hero Live, ɗaruruwan waƙoƙi suka tafi, aka bar mutane da 42 ɗin da ke kan faifai.

Gangar Rock Band ce kaɗai zan ɗaga wa ƙafa, domin tana koya wa hannu da ƙafa tafiya tare. Garayar kuwa, shekara goma kana dannawa ba za ka iya kaɗa tsirkiya ɗaya ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. In yaronka kiɗa yake so, sai masa kalangu ko jita ta gaske, ragowar canjin ka biya wanda zai koya masa.